Faifan bikin da ya dawo shago

Ranar wata Litinin da hantsi Hajiya ta shigo shagona da faifai a naɗe cikin bakin mayafinta. Ba ta zauna ba. Ta ajiye shi kan tebur kusa da kwamfuta, ta ce, "Malam, wanga faifai ya kunyata mu gaban surukai." Tun kafin in juya shi na gane shi, don rubutun hannuna ne a kai. Bikin 'yarta ta fari ne, wanda ni da ƙanwata muka ɗauka wata uku kafin nan, a wata unguwa ta cikin garin Maradi.

Hoton bai lalace ba, sauti ma lafiya lau. Abin da ya jawo matsala shi ne yadda na jera sassan bikin a kan faifan, da inda na sa alamomin babi, da allon zaɓin da ke fitowa in an kunna, wanda muke ce wa menu. Wannan sashe na aiki ne da yawancinmu masu montaj, wato haɗa bidiyo, muke barin manhaja ta yi mana cikin minti biyu, bayan mun ƙare kwanaki muna tace hoto. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta lamarin dalla-dalla, don masu sana'a irin tawa da kuma masu biki da ke karɓar aiki daga hannunmu.

Abin da muka ɗauka da yadda na jera shi

Gidan na mutunci ne, masu tsare al'ada. Tun farko Hajiya ta gindaya sharaɗi cewa namiji ba zai shiga cikin gida da kyamara ba, don haka ƙanwata ce ta ɗauki kamu da sa lalle da jere da wunin biki, ni kuma na ɗauki ɗaurin aure a ƙofar gida, da walimar maza, da ayarin motocin kai amarya. Ƙawayen amarya suka ƙaro mana wasu gutsattsarin bidiyo daga wayoyinsu. Duka-duka ya haura awa biyar. Na tace, na rage shi zuwa minti 190.

Masu biki da yawa yanzu a kile, wato filashi, ko katin memori suke karɓar aikinsu, su zuba a waya. Hajiya ta ce ita faifan DVD take so, kuma ta faɗi dalilinta: abin da ya shiga waya ya shiga WhatsApp, abin da ya shiga WhatsApp kuwa ya fi ƙarfin mai shi. Faifai ana iya sa shi a akwati a kulle. Wannan magana tata ita ce ya kamata ta zama ma'aunin duk tsarin da zan yi, amma ban ɗauke ta da nauyin da ta faɗe ta ba.

Na jera komai bi da bi yadda kwanakin bikin suka zo. Kamu da lalle minti 55 a farko, sai jere minti 10, sai ɗaurin aure minti 35, walima 25, wunin biki 45, kai amarya 20. Na haɗa su suka zama fim ɗaya dogo, na ce wa manhaja ta sa alamar babi duk bayan minti biyar. Ta fitar da babi 38. Ta kuma yi musu shafuka bakwai na allon zaɓi, kowane shafi da ƙananan hotuna shida in ban da na ƙarshe, a ƙarƙashinsu an rubuta Babi 1, Babi 2, har zuwa 38. Hotunan ma ita ta tsinto su, duk abin da ya faɗo a farkon babin: wani bayan kan mutum ne, wani tabarma ce, da yawa kuma fuskokin mata ne babu mayafi. Na buga faifai, na gwada farkonsa a shago, na ga yana tashi, na miƙa.

Ranar arba'in

Wanda ya yi waliccin amarya kakanta ne, wanda ya haifi babanta Alhaji. Bayan an ambaci sadaki, an shafa fatiha, sanƙira ya yi shela an fara rabon goro da dabino, sai tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi wa ango nasiha, ya yi wa jikarsa addu'a, kimanin minti shida. Muryarsa tana rawa amma kowace kalma tana fita. Makonni kaɗan bayan bikin Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ke cikin wannan faifan shi ne kaɗai bidiyonsa da iyalin suke da shi.

Ranar sadakar arba'in 'yan uwa suka zo daga Tibiri da Madarunfa, wasu daga Katsina ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Bayan an watse, manya suka rage a falon Alhaji, cikinsu har da mahaifin ango da limamin unguwa. Wani ya ce ai an ce akwai addu'ar marigayi a faifai. Alhaji ya sa aka kunna. Rimot ɗin na'urar ya daɗe da ɓata, sai maɓallan da ke jikinta: kunnawa, tsayarwa, gaba, baya. Aka danna kunnawa, fim ya fara daga inda na fara shi, wato tsakar gida ranar kamu. Alhaji ya ce a yi gaba. Aka danna, aka faɗa cikin lalle. Aka sake dannawa, lalle ne dai. Babi goma sha ɗaya na farko duk cikin mata suke, ga Hajiya da ƙannenta suna rawa, ga amarya da ƙawayenta, ga matan maƙwabta da suka saki jiki saboda sun san mace ce ke riƙe da kyamara. Addu'ar tana wajen minti na 88, a tsakiyar babi na 18. Ba a kai can ba. A danni na huɗu ko na biyar Alhaji ya tashi da kansa ya zare wayar wutar daga bango.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san nauyin wannan. 'Yar fari ce, wadda uwa ba ta ko kiran sunanta, uba kuma ba ya sakin fuska da ita a gaban mutane. Ga suruki a zaune. Hajiya ta ce mini tun ranar Alhaji bai sake tayar da maganar ba, kuma shirun nasa ya fi mata ciwo fiye da a ce ya yi faɗa.

Akwai kuma ta biyu, wadda ta fi taɓa ni. Inna, matar marigayin, takan sa jikoki su kunna mata faifan don ta ji muryar mijinta. Ba ta karanta boko. Yaran sukan yi ta dannawa, su wuce wurin, su dawo baya, su sake wucewa, har a ɗauke wuta ko ita ta gaji ta ce a bari.

Inda kuskuren yake

Da na zauna na sake kallon faifan daga farko, ba da idon mai montaj ba, da idon Alhaji a cikin baƙinsa, sai na ga cewa na tsara shi ne kamar mutum ɗaya zai zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Babu wannan mutumin. Bikin Hausawa ba taro ɗaya ba ne, taruka ne da yawa, kowanne da mutanensa da iyakarsa. Zaure daban, tsakar gida daban. Iyalin sun kiyaye wannan iyaka ranar biki har suka raba mu ni da ƙanwata, ni kuma na zo a kwamfuta na rushe katangar, na sa tsakar gida ta zama hanyar da dole a bi kafin a isa ƙofar gida.

Babin minti biyar-biyar kuwa agogo yake bi, bai san abin da ke cikin hoton ba. Ba wanda ke zuwa neman minti na 85. Mutane suna neman inda aka shafa fatiha, ko inda gwaggo ta yi guɗa, ko inda aka fito da amarya. In alamar babi ba ta faɗa kan irin waɗannan wurare ba, yawanta ba ya ƙara komai sai wahalar dannawa.

Akwai laifi na uku wanda Hajiya ba ta ambata ba amma ni na gani. Faifai mai shimfiɗa ɗaya giga 4.7 yake ɗauka. In ka cusa masa minti 190, abin da kowane sakan na hoto zai samu bai wuce megabit 3 ba, alhali tsarin DVD yana yarda har zuwa 9.8. A wurin ɗaurin aure, inda mutane ke zaune, ba a lura sosai. A wurin rawa, inda leshi da shadda ke ƙyalli kuma kowa na motsi, hoton yakan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai.

Sabon tsari

Tunanina na farko shi ne in bar faifai ɗaya, in raba shi kashi biyu a allon zaɓi, na maza da na mata. DVD yana ba da damar haka: faifai ɗaya yana iya ɗaukar kashi-kashi har 99, kowane kashi da nasa babi-babi, kuma ana iya umartar kowane kashi ya koma allon zaɓi in ya ƙare maimakon ya zarce cikin na gaba. Na yi wa Hajiya bayani. Ta saurara, sannan ta ce, "To in yaro ya danna wancan fa?" Gaskiyarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allon zaɓi alama ce ta hanya, ba kwaɗo ba ne. Rimot da yawa suna da maɓallin tsallakawa kai tsaye zuwa lambar kashi, kuma in aka sa faifan a kwamfuta aka buɗe jakar VIDEO_TS, fayilolin bidiyon, da ake kira VOB, suna nan a fili, kowa na iya kunna su ba tare da ya bi ta menu ba. Rabuwa ta gaskiya ita ce faifai biyu. Na kuma gaya mata abin da ya kamata in gaya mata tun ranar farko, cewa faifan da muke bugawa a shago ba shi da kariyar kwafi irin ta faifan kamfani, don haka tsaronsa yana ga wanda ke riƙe da makullin akwati.

Faifai na ɗaya ya zama na kowa da kowa: ɗaurin aure, walima, da ayarin motoci daga waje, minti 70. Na biyu na cikin gida, har da sauran kai amarya, minti 120. Rabawar ta gyara hoton ma, don na farko ya samu kusan megabit 8, na biyu kuma kusan 5, rawa ta fito sumul. Akwai faifai mai shimfiɗa biyu da ke ɗaukar giga 8.5, amma tsofaffin na'urori sukan yi gardama da wanda aka buga a kwamfuta, kuma ko da ya yi aiki, da ya sake haɗa abin da muke son rabawa.

Faifan cikin gida ban sa hannu a zaɓen wurarensa ba. Ƙanwata ta ɗauki kwamfuta ta tafi gidan, suka zauna da Hajiya da amarya wuni guda, suna kallo tana rubuta lokuta a takarda. Suka fitar da babi goma sha huɗu, da sunayen da su suka ba su: kamun amarya, zuwan dangin ango, ƙunshi, kayan ɗaki, nasihar gwaggo, da sauransu. Wata maƙwabciya ta aiko cewa a cire inda ta fito, aka cire. A allon zaɓin wannan faifan babu fuskar kowa, hoton hannu ne da lalle da jeren kwanuka, kuma ba ya fara wasa da kansa, sai an zaɓa. Bidiyon wayoyin ƙawaye, waɗanda aka ɗauka a tsaye, na mai da su kashi na daban a ƙarshe, don in aka sa su a allon talabijin baƙi ne ke cika gefe da gefe, kuma sai an sauya su zuwa hoto 25 a sakan kafin su dace da sauran.

Faifai na ɗaya shi na fi ɓata wa lokaci. Na yi aikin da DVDStyler, manhaja ce ta kyauta, tana barin mutum ya rubuta lokacin kowane babi da hannunsa, ya kuma faɗi abin da zai faru in kashi ya ƙare. Babi tara kawai na sa: isowar baƙi, neman aure daga wakilin ango, amsar waliyyi, ambaton sadaki, fatiha, nasiha da addu'ar Kaka, gaisawa da ango, walima, ayari. Ko babu rimot, danni biyar ya kai mutum wurin addu'a, kuma duk inda ya sauka a hanya wuri ne da liman zai iya kallo.

Sannan na ware addu'ar na sake sa ta a matsayin kashi mai zaman kansa, minti shida, wanda in ya ƙare yake komawa allon zaɓi ya tsaya. Shi na sa ya zama maɓalli na farko, wanda haske ke kansa da zarar faifai ya tashi. Tsarin DVD yana yarda da maɓalli har 36 a shafi ɗaya, amma uku na sa a babban allo: addu'ar Kaka, kallon duka, zaɓen babi. Kowanne da babbar lamba a gefensa, saboda a yawancin na'urori danna lamba a rimot yana zaɓar maɓallin da ke da wannan lambar, kuma Inna ta san lambobi ko ba ta san haruffan boko ba. Na saya musu rimot na kasuwa, irin mai aiki da na'urori da yawa.

Maganar rubutu ta zo da abin da ban yi tsammani ba. Na fara rubuta sunayen da boko, sai ɗ da ƙ suka fito kamar akwatuna, don salon haruffan da na zaɓa ba shi da masu lanƙwasa. Na koma DejaVu Sans, wanda yake da su. A nan ne na tuna cewa na'urar DVD ba ta karanta rubutun menu ko kaɗan. Allon zaɓi hoto ne kawai, da wani siririn zane a samansa mai launi huɗu kacal wanda ke nuna inda haske yake. Tunda hoto ne, komai aka zana zai fito. Inna ta yi karatun allo, tana karanta ajami. Na je wurin wani malamin makarantar allo a unguwarmu, ya rubuta mini sunayen uku da tawada da alƙalamin kara a farar takarda, na ɗauki hotonta, na sa kowane suna a ƙarƙashin na boko. A ganina wannan shi ne abu mafi amfani da na yi a duk aikin, kuma bai ci mini komai ba sai goron malam.

Talabijin ɗin ɗakin Inna tsohuwa ce, mai ƙaton baya. Irinta tana cinye gefen hoto, don haka na janye rubutu da maɓallai ciki da kusan kashi goma cikin ɗari ta kowane ɓangare. Siraran layuka kuma suna rawa a kanta, sai na yi zagayen haske da kauri, ruwan ɗorawa a kan bango mai duhu.

Na buga fayafayan da manhajar ImgBurn a hankali, ba da gudun ƙarshe ba, na sa ya sake karanta su ya tabbatar. Na rubuta suna da alƙalami mai laushi, ban manna takarda ba. Faifai na ɗaya, mai addu'ar, na yi masa kwafi uku, na ce ɗaya a ajiye shi a kwalinsa kada a taɓa, nesa da taga, don zafin Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke karce faifan da aka bari a buɗe. Na kuma ba Alhaji ainihin fayil ɗin addu'ar a kile, saboda faifai ba ya dawwama. Na cikin gida kwafi ɗaya tak na yi, na miƙa wa Hajiya hannu da hannu, na goge nawa daga kwamfuta a gaban ƙanwata. Tsohon faifan Hajiya ce ta karya shi da kanta.

Wannan karon ban yarda da gwajin shago ba. Na nemi izinin Alhaji na je gidan bayan la'asar, aka shigar da ni ɗakin Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na sa faifan. Allo ya fito. Ta matso da fuskarta, ta bi rubutun ajamin da yatsa, leɓenta na motsi. Na miƙa mata rimot na ce, "Inna, ku danna ɗaya." Ta danna. Tsohon ya bayyana a kan tabarma da farin rawaninsa, ya ce bismillahi, ya fara. Ba wanda ya yi magana har ya shafa, allo ya dawo.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Amma an yanke wani abu. Shi ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ina suke?"

Suna nan a ainihin ɗaukar. Ni na datse su, don na ga kamar ba magana ba ce. Na yanka daidai kan bismillah, har ina kaffa-kaffa da ita, saboda alamar babi a DVD ba ta zama sai a kan cikakken hoto, wanda a tsarin PAL, mai hoto 25 a sakan, yake zuwa aƙalla sau ɗaya cikin hotuna 15, wato tana iya gocewa da kusan rabin sakan ta cinye farkon kalma. Na kiyaye kalmar, na zubar da abin da matarsa ta shekara hamsin take jira ta ji kafin kalmar.

A daren na koma shago na ja farkon kashin baya da sakan bakwai, tun daga inda ya ɗaga hannu mutane suka yi shiru, na gyara babi na shida a cikin dogon fim ɗin shi ma, na sake buga kwafi ukun. Da safe na aika ƙanwata ta kai mata.